Tukunyar da Zdenko Ya Tono

Bovec, 9 ga Afrilu, 1994

Zuwa ga Baffa Vinko,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da 'yarka Irena da yaranta. Yaya ƙirjin? An ce mini tarin ya matsa maka da sanyin bana. Allah ya ƙara sauƙi.

Kada ka yi ta juya ambulan kana neman wace ce. Darinka ce, 'yar Ludvik ɗan ƙanin babanka. Rabona da kai tun jana'izar Baba, ranar da ka dube ni ka ce na gaji hancin gidanmu, in yi haƙuri da shi. Da muna da waya da kiranka zan yi, to har yau ba a ja mana layi zuwa nan sama ba, kuma an ce ko an kira ka kunnen ba ya ɗauka.

Mu dai lafiya lau. Mijina Zdenko ne zaman gida ya ishe shi tun da aka rufe masana'antarsu. Rannan sai ga shi ya dawo daga Italiya da na'urar neman ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa, doguwar sanda mai faifai a ƙasanta. Ya toshe kunne da abin ji, ya shiga gona yana shara kamar wanda allurarsa ta faɗi. Na yi masa dariya har cikina ya ƙulle.

Baffa, dariyar ba ta daɗe ba. A gonar dankalinmu, inda nake durƙusawa kowace shekara ina tono da hannuna, ya cika bokiti da kwanson harsashin yaƙin duniya na farko kafin rana ta take. Da ya hau gangaren dutsen Rombon kuwa, abin da ya sauko da shi ya fi haka yawa. Hular kwano mai doro a tsakiya, cokula, maɓallai, kan ɗamara, har da reza. Akwai wani dogon ƙarfe mai tsini, da zoben jan ƙarfe a gindinsa, wannan na rantse masa in ya taɓa shi ba zai kwana a gidan nan ba, ya bar shi a can. Akwai kuma manya da ba mu san kansu ba. Duk na zana maka su iyakar iyawata a takardar da ke ciki. Kada ka yi dariyar zanen.

Zdenko so yake ya jera su a ɗakin cin abinci, saboda baƙi masu wasan kwale-kwale da muke ba hayar ɗakunan sama. Na ce babu abin da zai shigo mini gida sai na san sunansa. Baba ya sha ba mu labarin yadda kuka yi tsintar ƙarfe a duwatsun nan kuna yara, ya ce kai ko an ɗaure maka ido kana bambance na Italiya da na Ostiriya. Shi ya sa na tuna da kai.

Ka gaishe da Irena.

'Yarka,
Darinka

Charleroi, 24 ga Afrilu

'Yata Darinka,

Takardarki ta iso, na kuma gane ki tun kafin in kai maganar hanci. Jiki da sauƙi. Ƙurar kwal da na haɗiya a ramin haƙa a nan Beljiyam tana nan zaune, ba ta da niyyar fita. Ki yi haƙuri da rubutun, tsufa ne.

Kafin komai ki gaya wa mijinki ba shi da hankali. Mu yunwa ce ta hau da mu dutsen nan, muna sayar da ƙarfe mu sayi garin masara. Shi me ya kai shi? Na karanta na sake karantawa, na kasa yarda. Mutum da ƙoshinsa ya je ya sayo na'urar da za ta nuna masa inda mutuwa take kwance. Kin ga hannuna na hagu a jana'iza. Ba kwal ne ya cinye yatsun ba.

To, tunda kin tambaya.

Hular mai doro ta Italiya ce. Ta Ostiriya ta fi zurfi, tana sauka ta rufe kunne da ƙeya. Kwanson harsashi ki duba gindinsa: siririn na Italiya ne, mai kaurin da gindinsa ya yi baki kamar faranti na Ostiriya. Wanda ba komai a cikinsa ki wanke ki jera. Wanda kansa ke nan a maƙale, kada ya kusanci murhu.

Dogon mai tsini harsashin igwa ne. A zanenki na ga tsage-tsage a jikin zoben. Wato an harba shi, ya faɗi, bai fashe ba, yana nan yana jira. Irinsa ne ya fi kowanne mugunta. Kin yi daidai da kika hana. A kira 'yan sanda su kawo masu kwance bam, kuma kada Zdenko ya tsaya kallo.

Tukunyar nan mai tumbi, mai ƙugiyoyi biyu na rataya, wannan ba komai ba ce. Ta abincin sojoji ce, ana goya ta a baya a hau musu da miya. Ya buɗe ta ya wanke, ki sa furanni in kin ga dama. Mun taɓa tsintar irinta, mahaifiyata ta yi shekaru tana ajiye kitse a ciki.

Ki rubuto mini ko bishiyar gyadar nan ta bayan gidan kakanku tana nan. Ina yawan mafarkinta.

Baffanki,
Vinko

Bovec, 15 ga Mayu

Baffa Vinko,

Ina gaishe ka da kyau, ina fata zafin da ya fara shigowa ya sassauta maka ƙirjin. Mu lafiya ƙalau. Bishiyar tana nan, ta fi gidan tsawo yanzu.

Na karanta wa Zdenko saƙonka kalma da kalma. Ya ce a gaya wa tsoho ya gode, rashin hankalin kuma a gidanmu ya auro shi.

Masu kwance bam sun zo. Suka hau, suka dubi dogon, suka ce ba ya ɗaukuwa, a nan za su fasa shi. Ina tsaye a madafa na ji ƙarar. Baffa, tagogi sai da suka amsa, kofuna suka yi ta kaɗawa a kan kanta. Na tuna Zdenko ya yi ta ƙwanƙwasa ƙasar da ke kansa da shebur, sai na gode wa Allah. Da za su tafi babbansu ya tambaya ko akwai saura. Zdenko ya ce, “Sai tukunyar miya da cokula, in kuna jin yunwa.” Aka yi dariya aka rabu.

Ita kuwa tukunyar ta zama abin kallo. Ban san wane irin soja ne yake goya wannan abu ya hau dutse ba, don sai da Zdenko ya kira abokinsa Silvo bakanike suka kama ta su biyu, suna nishi. Ƙugiyoyin da ka ce ban gan su ba, ƙila tsatsa ta cinye. Da muka goge ta sai ga alamar kuros da koren fenti a gefenta, Zdenko ya ce ta masu dafa abinci ce. Amma ga abin mamakin: miyar tana nan a ciki. In aka mirgina ta kana jin ruwa na kaɗawa. Shekara saba'in da ɗoriya, Baffa. Mun ajiye ta kusa da murhu a ɗakin cin abinci, yaran baƙi suna hawa kanta ana ɗaukarsu hoto, Zdenko na cewa duk wanda ya ƙi cin dankalinsa da cuku miyar sojan sarki za a zuba masa.

Murfin ne ya ƙi buɗuwa. Ƙarami ne ma, kamar toshiya a tsakar ka. Ya jiƙa shi da mai, ya gwada sifana, shiru. Silvo ya ce a bari a gama yankan ciyawa, a kai ta garejinsa ya huda ta da inji a tsiyaye. Ni dai na ƙosa, don ɗakin ya fara warin ingiricin da ruwa ya taɓa, in ina goge ta har idona yakan yi ruwa.

Gwangwanin nan da ya lotse, wanda na zana kusa da hula, ba ka ce komai a kansa ba. Zdenko ya ce na ruwa ne. Yana rumfa.

Ka ci abinci sosai. Ka gaishe da Irena da yara.

Darinka

TANGARAHO
Charleroi, 27 ga Yuni

DARINKA KRAVANJA BOVEC. BA TUKUNYA BA CE. GUBA CE. KADA A HUDA. KU FITA DAGA GIDAN. WANDA YA SHAƘA A KAI SHI ASIBITI KO YA CE LAFIYARSA ƘALAU. VINKO

Charleroi, 27 ga Yuni

Darinka,

Ina gaishe ki, ina roƙon Allah ya sa kuna lafiya, don ban san halin da takardar nan za ta same ku ba.

Ina asibiti tun tsakiyar Mayu, huhun ya cika da ruwa. Yau da safe aka sallame ni. Takardarki tana kan tebur cikin takardun wuta da na ruwa, Irena ba ta iya karanta harshenmu, ta bar mini ita. Na zauna da kofi ina karantawa ina murmushi. Da na kai inda kika ce mutum biyu suka kama ta, na daina. Da na kai koren kuros, kofin ya kuɓuce mini.

Na jawo zanenki na farko daga aljihun tebur. Na juya bayansa. Darinka, ban taɓa juya takardar ba. Ban san kin yi zane a baya ba. Tukunyar da na ce a buɗe ita ce wadda kike kira gwangwani, wadda take rumfa. Wannan ta bayan takarda ban gan ta ba sai yau.

Bam ɗin iskar guba ne. Jamusawa suka kawo irinsu kwarinmu a kakar ƙarshe ta yaƙin a can, suka yi wa 'yan Italiya ruwansu a cikin ramuka. Ruwan da kike ji yana kaɗawa shi ne gubar. Warin ingiricin da kike ji, yoyo ta fara. Kusa da murhu, yara a kanta.

Na sa Irena ta buga tangaraho, yanzu tana neman lambar 'yan sandanku. Amma ki ji wannan da kyau, don tangaraho ba ya ɗaukar dogon zance. Muna yara akwai Tine maƙeri a ƙasan gada. Ya sayi irin wannan a hannun masu tsinta, ya sa mata kurfi da guduma. Ta feso masa, ya yi tari, ya fito waje ya sha iska, ya ce ba komai. Ya koma ya gama ƙera kofaton doki. Ya je gida da ƙafarsa ya ci tuwon masara. Washegari aka ɗauko gawarsa, huhunsa ya cika da ruwa, ya nutse a kan gadonsa babu kogi kusa. Haka take yi. Tana barin mutum ya ɗauka ya tsira. Wanda ya shaƙa kada ya yi tafiya, kada ya ɗaga ko bokiti, a kwantar da shi a kai shi wurin likita ko da faɗa.

Yanzu ana yankan ciyawa a can, na sani. Ina ta lissafin ko kun gama. Allah ya sa ruwa ya hana ku.

Ni na ce ya buɗe. Da hannuna na rubuta.

Ki ba ni amsa ranar da kika samu wannan.

Vinko

Charleroi, 18 ga Yuli

'Yata,

Ina gaishe ki. Jikina ba abin tambaya ba ne yanzu.

Shiru har yau. Irena ta samu 'yan sanda tun ranar, mutumin ya ce sun ji, za su je. Da ta sake kira aka ce mata maganar tana hannun hukuma, ba sa faɗa ta waya sai ga iyali na kusa. Na ce ta gaya musu ni ne na kusa. Ba ta san yadda za ta faɗa ba.

Kullum ina zaune a bakin taga har mai raba wasiƙu ya wuce. In kin yi fushi da ni, kina da gaskiya, ki rubuto ki zage ni. In wani abu ya faru kada ki ɓoye mini don tsufana ko don ƙirjina. Layi ɗaya ya isa. Su waye ke raye?

In ban ji ba zuwa ƙarshen wata zan hau jirgin ƙasa, likita ya faɗi abin da zai faɗa.

Baffanki

Bovec, 13 ga Agusta

Baffa Vinko,

Ina gaishe ka, ina fata ƙirjin ya lafa. Kada ka hau jirgi. Tangarahon ya zo, takardunka biyu ma sun zo. Ni lafiyata ƙalau. Yaran baƙi babu abin da ya same su. Zdenko yana raye. Silvo ya rasu.

Ga yadda aka yi. Mun gama shigar da ciyawarmu ranar Asabar. Litinin da safe Zdenko da Silvo suka ɗora abin a bayan tarakta suka gangara gari. Ina shanya zannuwan gado sai ga mai raba wasiƙu ya hawo da babur, ya cire hula ya ce, “Darinka, daga Beljiyam ne, ki zauna kafin ki buɗe.” Ya ɗauka rasuwarka ce. Ni ma haka na ɗauka. Na karanta layin farko ban fahimci komai ba, na tsaya ina tunanin wace tukunya. Sai na ga “kada a huda”.

Ban san yadda na tuƙa motar ba. A ƙofar gareji na same su zaune a kan tayoyi, idanu jawur, suna tari suna dariya.

Zdenko ya ce, “Ga ta nan ta zo ɗibar rabonta. Miyar ta lalace, Darinka, ba ta shawuwa.”

Na ce, “Kun huda?”

Silvo ya ce, “Ɗan rami ne kamar na ƙusa. Ta yi tsaki ta feso mana farin hayaƙi, muka yo waje. Na koma na buga mata turken itace, yanzu ta yi shiru.”

Ya koma ciki, Baffa. Akwai gidaje a bayan garejin, yara na wasa a tsakar gida, shi ya sa ya koma.

Na miƙa musu tangarahon. Zdenko ya karanta ya ce, “Tsohon da ya ce mu buɗe, yau kuma shi ne ya ce kada mu buɗe. Gobe me zai ce?” Na cakumi wuyan rigarsa, na ja shi kamar ɗan maraƙi, yana cewa ina ba shi kunya a gaban mutane, na tura shi cikin mota na rufe. Na juyo na ce, “Silvo, shigo.”

Ya ce, “Ni da na girma cikin hayaƙin walda? Kin ga hadari na haɗuwa, ciyawar surukata tana can shimfiɗe a kan tudu. Kai naki kawai. In likita ya ba shi alewa ya rago mini.”

Na ce, “Silvo, don Allah.” Ya ɗaga mini hannu yana murmushi. Na ta da mota.

'Yan sanda sun iso ba da jimawa ba, saboda kiran Irena. Ka yi mata godiya. Suka tare hanya, suka fitar da mutanen unguwar, daga baya wasu masu rufaffiyar fuska suka zo suka ɗauke abin. Amma Silvo ya riga ya hau tudu. Kafin a gano wace gona ce rana ta yi sanyi. Aka same shi zaune ya jingina da tarin ciyawar, ya gama tattara ta tsaf, leɓunansa sun yi shuɗi. Bai kai safiya ba.

Zdenko kuwa waƙa ya dinga yi mini a hanya don ya ba ni haushi. A asibiti likitar ta karanta tangarahonka, fuskarta ta canza, ta sa aka kwantar da shi aka hana shi ko tashi zaune. Yana ta mita. Da yamma mitar ta tsaya, na ga kumfa a bakinsa, na ga mijina yana neman iska kamar kifin da aka jefar a kan yashi. Ya yi makonni a can. Yanzu yana gida. In zai hau bene sai ya huta a tsakiya. Ba ya wasa da kowa, ba ya shiga ɗakin cin abinci, kuma ba a bar shi ya je jana'izar abokinsa ba.

Ka tambaya ko na yi fushi. Na yi. Shi ya sa ban rubuto ba, na fara na yaga ban san sau nawa ba. Sai rannan na sake ɗauko takardarka ta Afrilu, na ga ka ce mai ƙugiyoyi biyu. Ni kuma da hannuna na rubuta maka cewa ban ga ƙugiya ba, na wuce ina ba ka labarin miya. Tun daga nan na rasa wanda zan riƙe. Kada ka kashe kanka da tunani. Ba don tangarahonka ba da biyu aka binne.

Makon jiya Zorka, matar Silvo, ta hawo gidanmu. Ta zauna a madafa, na ɗora kofi ta ce in bari. Ta ce tana son ganin tangarahon. Na ba ta. Ta daɗe tana kallonsa, fiye da lokacin da karatunsa ke ci.

Ta ce, “An rubuta wanda ya shaƙa. Ba a rubuta mijinki ba.”

Na ce, “Na kira shi, Zorka. Na roƙe shi.”

Ta ce, “Na sani, maƙwabta sun gani. Naki kin kama shi da hannu biyu. Nawa da baki kika kira shi.”

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ninke takardar, ta ajiye mini a kan tebur, ta fita ta ja ƙofar a hankali. Na tsaya a wurin har kofin ya ƙone a kan wuta. Ba ƙarya ta yi ba, Baffa.

Gobe Lahadi. Benci ɗaya muke zama ni da ita a coci tun muna 'yan mata. Zdenko ya ce in zauna a gida, ko in koma baya. Zan je in zauna inda na saba. In ta tashi, ta tashi.

Ka sha maganinka.

'Yarka,
Darinka